Ajiye Aiki da Sauran Ƙarfi

Sharhinmu na yau ya shafi mutanen da suka ajiye aiki alhali da sauran ƙarfinsu, da sauran 'ya'ya a makaranta, da sauran cefane a wuyansu.

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana yin ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. To amma ba kowa ke kai sittin ɗin ba. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 18 da takardar sakandare, yana da 53 za a miƙa masa takardar sallama. A 2023 gwamnatin tarayya ta dawo da ƙa'idar nan da ta ce darakta ba zai wuce shekara takwas a kan kujerarsa ba, aka wayi gari daraktoci da dama sun tattara nasu ya nasu. A ƙarshen 2024, ma'aikata kimanin 1,000 ne suka bar Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin wani shiri na barin aiki da wuri. Ga kuma waɗanda bankuna da kamfanoni ke ragewa, da waɗanda ciwo ya zaunar, da waɗanda suka gaji suka ce su dai a kai kasuwa.

Abin da ya haɗa mutanen nan duka shi ne tambaya ɗaya: da me za a ci abinci daga watan gobe?

Tun daga 2004 aka koma tsarin fansho na adashin gata, aka kafa hukumar PenCom ta riƙa sa ido a kai. Bayan gyaran dokar a 2014, ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari na albashinsa duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho. Kuɗin nasa ne, babu mai ja. Sai dai akwai sharaɗin da mutane da yawa ba sa jin labarinsa sai ranar da suka je karɓa: ba a fara biyan fanshon wata-wata sai mutum ya cika shekara 50, in ban da wanda likitoci suka tabbatar lalura ce ta raba shi da aiki. Wanda ya bar aiki kafin hamsin, doka ta ba shi damar cirar abin da bai wuce kashi 25 na asusunsa ba, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Ragowar tana nan a kulle.

A ɗauki misali da magidanci ɗan shekara 44 da ke da naira miliyan takwas a asusunsa. Miliyan biyu zai karɓa. Da ita za a so ya riƙe gida har shekara shida, a ƙasar da kuɗin mota da na masara suka yi tashin gwauron zabo bayan an cire tallafin mai a 2023. Miliyan biyun nan, in aka biya haya da kuɗin makarantar yara, da wuya ta ga damina ta biyu. Waɗannan shekarun na tsakani, daga ranar da alat ɗin albashi ya daina shigowa zuwa ranar da na fansho zai fara, su ne ke karya mutane, kuma su ne ba a cika lissafawa da su ba lokacin da ake sa hannu a takarda. Sannan ko an kai hamsin ɗin, wanda ya tsaya da wuri ya tara kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan za a raba shi a kan shekaru masu yawa, don haka abin da zai riƙa faɗowa duk wata ba zai yi kauri ba.

Ranar karɓa ma akwai zaɓin da ya kamata a yi da ido buɗe. Ko dai mutum ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin fansho ana yanko masa duk wata, in ya rasu abin da ya rage ya zama na magada. Ko ya miƙa su ga kamfanin inshora da zai riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa, amma in ya rasu bayan shekara goma da farawa, magada ba su da sauran abin karɓa. Ana iya tashi daga na farko a koma na biyu, ba a dawowa daga na biyu. Mai iyali da yawa ya zauna ya yi tunani, kada ya bari ɗan kamasho ya yanke masa shawara a bakin ƙofar ofis. Ga wanda kuma yake gudun riba, tun 2021 akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, wanda ake kira asusu na shida, kuma haƙƙinsa ne ya nemi a mayar da shi can.

Nauyin ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 suna bin gwamnati haƙƙin shekarunsu na tsohon tsari, kuma jinkirin sakin wannan kuɗi ya sa mutane sun yi wata da watanni a gida ba ko sisi, har ta kai gwamnatin tarayya ta amince a 2025 da cin bashin naira biliyan 758 don biyan ariyas ɗin fansho. A jihohi kuwa kowa da kiɗansa: wasu sun shiga sabon tsari, wasu sun yi nasu, wasu suna cire kuɗi daga albashi ba sa zubawa. Tsarin mulkin ƙasa, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk bayan shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma har yanzu akwai tsofaffin ma'aikata a jihohi da abin da suke karɓa ba ya sayen maganin hawan jini na wata guda. Wannan zalunci ne, kuma ba shi da wani suna.

Bayan kuɗi, sai zaman gida, wanda ba a cika maganarsa ba. Mutum ya saba da an idar da sallar asuba sai wanka, sai hula, sai hanya. Yanzu ga shi ƙarfe tara na safe zaune a kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefe, kowa ya watse. Wayar da a da ba ta hutawa, sai ta yini ba ta yi ƙara ba. Maƙwabcin da ke rusunawa yana "ranka ya daɗe" yanzu ɗaga hannu yake daga nesa. A cikin gida kuma uwargida, wadda ta shekara ashirin tana tafiyar da harkokinta da rana ba mai sa mata ido, sai ta ga maigida yana tambayar inda kwalbar manja ta tafi. Daga nan ake fara 'yar tsama. Ba mugunta ba ce, rashin abin yi ne da fargabar aljihu. Mace ma'aikaciya da ta yi ritaya, nas ce ko malama, takan fi saurin samun madafa, domin ko da tana aiki ba ta rabu da sana'ar hannu da zumunci da Islamiyya ba. Maza da yawa kuwa ofis ne kaɗai duniyarsu.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin sallama ke shigowa a dunƙule, kuma a nan ake asara mafi ciwo. Mutumin da bai taɓa riƙe miliyan biyar a lokaci guda ba sai ya ɗauka ya yi arziki. 'Yan'uwa su zo da buƙatu, aboki ya zo da labarin kasuwancin da ke ninka uwa cikin wata uku. Mun ga yadda damfarar MMM ta yi da mutane a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, kuma har gobe akwai masu shirya irin wannan tarko suna jiran 'yan fansho. Wani kuma ya zuba komai a kiwon kaji, alhali bai taɓa kwana da kaza ko ɗaya ba; cuta ta shiga, cikin mako guda jari ya ƙare. Kuɗin sallama guzuri ne na doguwar tafiya, ba a cinye shi a tasha.

Waɗanda muka ga sun zauna lafiya, galibi tun suna aiki suka fara abin da suke yi yanzu. Suna da gonar da suka saba nomawa, ko shagon da suka san cinikinsa, ko ilimin da ake nema: tsohon akanta yana duba wa 'yan kasuwa littafi, tsohon malamin gona yana ba manoman rani shawara, tsohuwar ungozoma tana taimakon matan unguwa. Suna da dalilin fita da safe, suna da mutanen da ke jiransu, kuma suna zuwa a auna musu jini da suga ba sai sun faɗi ba.

Kiranmu ga duk ma'aikacin da ake yi wa tayin barin aiki, ko yake shawarar hakan da kansa: kafin ka sa hannu, je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusunka a rubuce, ka tabbatar ana zuba maka kuɗin kowane wata, ka gyara sunanka da ranar haihuwarka su dace da na katin ɗan ƙasa, sannan ka zauna da iyalinka ku lissafa shekarun da suka rage maka kafin hamsin. Gwamnoni kuma, ku dubi Allah ku biya mutane haƙƙinsu tun suna da rai.