Dubiyar Da Ke Ƙara Wa Majinyaci Ciwo

Haba 'yan'uwana mata! Yaushe za mu daina kai wa majinyatanmu cuta a cikin kwanon sha da sunan zumunci?

Ki duba ranar dubiya a asibitocinmu na Maradun, Mafara da Bakura. Wannan ta ɗauko fura, waccan zoɓo, wata kuma kunun zaƙi har da ƙanƙara. To da wane ruwa aka dama? Na rijiyar da ba murfi, ko na randar da kowane yaro yake tsoma moɗa da hannunsa, ko wanda aka ɗebo a magudanan Bakolori. Dam ɗin nan da aka kammala a 1978 don noman rani aka yi shi, kuma ruwan da ake wanki a ciki, dabbobi su sha, bai zama na bakin mara lafiya ba.

Za ki ce, "Ai shi muke sha tun kakanni, bai kashe mu ba." To ke lafiyarki ƙalau, jikinki yana da garkuwa. Amma yaro mai tamowa fa? Mai jego da ta zubar da jini, mai sikila, tsohuwa mai ciwon suga, mai ƙanjamau? Ƙwayar taifot ko kwalarar da jikinki zai iya turewa, su ita ce za ta kayar da su. Kuma ido ba ya ganinta. Ruwa garau kamar hawaye yana iya ɗauke da ita.

Kada mu manta da 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Gwamnati tana da nata haƙƙin na samar da ruwa mai tsafta a kowane asibiti, ba za mu daina faɗa ba. Amma tukunya a hannunki take, uwargida. Ki tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ki zuba a fulas ko jarka mai murfi. Da shi za ki dama, da shi zai haɗiyi magani. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki bar ta. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba shi abinci.

In ba za ki iya ba, wallahi gara ki je da gaisuwa da addu'a kawai. Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, amin.