Dodon da aka cire wa haƙora

Duk wanda ya tashi a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya san zaman tsakar gida bayan sallar isha'i, sa'ad da kaka ke tara jikoki ta buɗe bakin gatana, wadda wasu ke kira tatsuniya. Yara suna sane cewa yarinyar da ta ƙi jin gargaɗi ta tafi bakin rafi, Dodo zai haɗiye ta, kuma kaka ba za ta ji tausayinta ba. Wannan tsoro shi ne ke hana su barci har sai an ce ƙurunƙus. To, mene ne zai saura na gatana in aka cire wa Dodo haƙora? Masu wani wasa a ƙasar Amurka sun shafe shekaru suna fama da wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya shafi mutanen jihar Tawa.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a shekarar 1974. Mutum huɗu ko biyar ke zagaye tebur kamar ƴan fada a bakin shayi, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ko mayaƙi, ko boka, ko ɓarawo. Jagora ya siffanta wurin da suka shiga, su kuwa su faɗi abin da za su aikata, sa'an nan a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita ce za ta raba gardama. Ba caca ba ce, domin ba a zuba kuɗi; abin da ɗan wasa ke iya asara shi ne ran jaruminsa, wanda ya yi watanni yana reno.

A shekarar 1975, a wani taron ƴan wasa a birnin Baltimore, Gygax ya gabatar da labarin Tomb of Horrors, watau Kabarin Firgici, da niyyar karya alfaharin gwanayen da ke cewa babu abin da ya gagare su. Kamfanin TSR ya buga shi a 1978. Kabari ne na wani matsafi mai suna Acererak, mai wurare 33, da ƙofofi uku waɗanda biyu daga cikinsu tarko ne. A ƙarshen zauren farko akwai koriyar fuskar wani shaiɗani, bakinta a wangame, baƙi ƙirin. Wanda ya shiga bakin ya hallaka nan take, ko gawarsa ba a gani. Dodanni ba su da yawa a ciki, tarkuna ne suka yi yawa, saboda haka ƙarfin takobi bai fid da kowa ba. Wanda ya tsira shi ne mai dungurar ƙasa da dogon sanda kafin ya taka, mai yi wa jagora tambaya a kan kowane bango.

Amma dokokin wasan sun yi ta sakewa. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fito da bugu na uku a 2000, na huɗu a 2008, na biyar a 2014. A tsohuwar doka, guba tana kashewa da jifa ɗaya, kuma wanda ya ji ciwo yakan yi kwanaki yana jinya. A bugu na biyar kuwa, jarumin da ƙarfinsa ya ƙare ba ya mutuwa sai ƙwaya ta ci amanarsa sau uku, kuma barcin awa 8 yana warkar da dukan raunukansa. Kazalika gano tarko ya koma aikin lissafin da ke rubuce a takardar jarumi, alhali a da aikin hankalin ɗan wasa ne. Dalilin sassaucin a fili yake: mutane sun fi son dogon labari da jarumi ɗaya, kuma wanda aka kashe masa jarumi a daren farko ba lalle ne ya dawo ba.

A nan ne matsalar ta taso. In aka kwashe tsohon kabarin aka ɗora shi a kan sabuwar doka yadda yake, ramukan suna nan, masun suna nan, amma jarumi zai faɗa rami ya fito ya kakkaɓe riga. In kuma aka bar kisa nan take, ƴan wasan da suka saba da sassauci za su ce an yi musu zalunci, domin ba a kan haka suka zauna ba. An sake gyara labarin a 2005 da 2010, sa'an nan a 2017 kamfanin ya bi hanya biyu a shekara guda. A littafin Tales from the Yawning Portal, mai tsofaffin labaru bakwai, ya maido kabarin kusan yadda yake, har da bakin nan mai haɗiye mutum. A littafin Tomb of Annihilation kuwa ya gina sabon kabari ga Acererak, ya kuma taɓa dokar kanta: wata la'ana ta hana a ta da matattu, kuma jagora na da izinin ɗaga lambar tsira daga mutuwa daga 10 zuwa 15.

Hanya ta biyu ta fi nuna fahimta. Masu ita sun tambayi kansu abin da tsohon labarin ke yi wa mai wasa, suka ga cewa yana tilasta masa tunani ne domin kuskure na da tsada, sai suka nemi yadda za su maido tsadar. Jagora mai hikima yana ƙara abu biyu: ya gaya wa ƴan wasa tun farko cewa wannan dare ana mutuwa, kuma ya ajiye alama gaban kowane tarko, ko ƙasusuwa, ko tabon jini, yadda wanda ya hallaka zai yarda cewa gaggawarsa ce ta ja masa.

Ƙasar Nijar ta taɓa yin irin wannan aiki, kuma ta dace. A cikin wannan shekara ta 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. An ɗauko wasan dandali na bayan girbi aka sa masa alƙali, da agogo, da jerin abubuwan da aka hana, amma ba a taɓa faɗuwa ba: wanda aka kayar ya fita daga neman takobi. Shi ya sa har yau mutane ke manne da rediyo in an buɗe fili.

Gatana ce ke jiran nata hukunci. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen Hausa a Damagaram, labarun kaka suka fara shiga aji, yanzu kuma suna shiga rediyo da wayar salula. Duk malami ko marubucin da ya ɗauko su zai ji sha'awar ya sassauta, ya sa Dodo ya tuba, ya sa Gizo ya nemi gafara, don kada yara su tsorata. Sake kalmomi da gajarta labari ba laifi ba ne, zamani ne ya kawo. Amma kaka ta san dalilin da ya sa take barin Dodo ya haɗiye yarinyar: akwai rijiya a bayan gari, akwai ruwan madatsa, akwai babbar hanyar kwalta da manyan motoci ke bi ta Ƙonni da Malbaza dare da rana, kuma babu ɗayansu da ke ba yaro jifa uku. Mai gyaran gatana ya kamata ya bar gargaɗin a fili, ya bar sakamakon ƙin jinsa yadda kaka ta bar shi.