Falo Ya Cinye Tsakar Gida

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi a 'yan shekarun nan zai ga wani sabon salon gini yana tsirowa a gefen garuruwa, a wuraren da gero da gyaɗa suke fitowa a da. Gidaje ne na bulo a jere, bango ɗaya ya haɗa wannan da wancan, rufin kwano ya lulluɓe su daga ƙofa har ƙurya. Akasarinsu na angwaye ne. Idan aka ba ka izinin shiga, da ka ɗaga labule sai ka faɗa falo. Daga falo sai ɗaki, daga ɗaki sai banɗaki. Abin da ya rage na fili bai wuce wurin shanya tabarma biyu ba. Ina ganin wannan tsari ɓarna ce, kuma mace da 'ya'yanta ne suke biyan kuɗinta, alhali ba a nemi shawararsu ba ranar da magini ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa.

Dalilin matsin ba ɓoyayye ba ne. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin mafi cunkoson ƙasashen noma a Afirka ta Yamma, kuma tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincike a kan yadda mutane da gonaki suka cika ta. Gado yana raba gona, ya sake raba rabon. Gandu ya watse, kowane ɗa yana son ƙofarsa. Masu awon igiya suna yanka fili ƙafa 50 da 50, 'yan'uwa biyu su sake tsaga shi, kowa ya tashi da ƙafa 25 a faɗi, 50 a tsawo. Babu mai musun cewa fili ya yi kaɗan. Gardamata tana kan abin da ake fara yankewa idan ya yi kaɗan ɗin.

A gidan Bahaushe tsakar gida ita ce ɗaki mafi aiki, duk da ba ta da rufi. A nan ake surfe da daka da tankaɗe, a nan ake shanya kuɓewa da barkono, a nan ake soya ƙuli-ƙuli a matse mai, a dama fura, a ɗinka hula. Matar da ke cikin kulle a nan take samun hasken rana da iska da kuɗin kashewa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a ƙauyen Batagarawa na Katsina da kuma Ɗorayi ta Kano, ta nuna cewa cinikin da matan aure suke yi daga cikin gidajensu kasuwa ce sukutum da idon baƙo ba ya gani. Wanda ya zuba wa wannan fili rufi ya kira shi falo, rumfar kasuwar matarsa ya rushe.

Kada a manta da turke. Abin da ya riƙe gonakin Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa ana noma su kowace damina ba hutu shi ne taki: kashin awaki da tumaki, tokar murhu, sharar gida, a tara a bakin turke, a kwashe da rani a kai gona a kan jaki ko amalanke. Akuyar kuwa sau da yawa ta matar ce, ita ce asusunta na ranar suna da ranar asibiti. Gidan da ba shi da wurin ɗaure akuya biyu ya yanke igiyar da ta haɗa shi da gonarsa, ya bar mai gida da sayen buhun takin zamani a farashin da kowa ya sani.

Me aka samu a madadi? Ɗakin da aka auna shi da girman kujerun da iyayen amarya za su kawo. A tambayi magini, da yawa za su faɗa cewa da saitin kujeru da gado da kabad ake lissafin faɗin ɗaki. Kujerun suna zaune cikin leda, ana kakkaɓe su saboda baƙin da ke zuwa sau biyu a wata, uwar gida kuma tana tsugune a lungu tana hura itace, hayaƙi yana komawa ɗakin da jariri yake barci. Kallon kitse ake yi wa rogo. Baƙon namiji ma bai tsira ba, domin da aka soke zaure sai ya zama ko dai a tsaya da shi a titi, ko a shigar da shi falo matar gida ta kulle kanta a ƙurya har ya tafi. Zaure da shigifa aikinsu ke nan tun asali: su karya hanyar ido, su bar na ciki su sake.

Sai batun zafi, wanda ya wuce maganar jin daɗi. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana kaiwa maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Ɗakin bulo mai rufin kwano, bangonsa biyu na maƙwabta ne, na uku kuma jingine da gidan baya, taga ɗaya ce gare shi, kuma iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. A da idan ɗaki ya gagara, a tsakar gida ake shimfiɗa. Yanzu ina za a fita? Wannan lokaci ne kuma na sanƙarau, cutar da cunkoso a ɗaki marar iska yake taimaka wa yaɗuwa. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum dubu goma a Nijeriya, Kano tana cikin inda abin ya fi muni. Turawan Ingila sun riga mu ɗanɗana wannan. A garuruwan masana'antu irin su Lids da Bamingam sun gina wa leburori gidaje a jere, baya na jingine da baya, har cututtuka suka sa dokar gidaje ta 1909 ta hana sababbin gine-gine irinsu saboda rashin ratsawar iska. Su da suke cikin sanyi ke nan.

Masu kare sabon salo suna da hujjoji, kuma wasu na da ƙarfi. Bango ɗaya tsakanin gida biyu yana rage kuɗin bulo. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, damina mai ƙarfi tana kayar da shi, azara ta yi tsada, gwanayen magina sun ragu. Amarya tana son sashen da za ta rufe ba tare da idon uwar miji da faccaloli ba, kuma tana da gaskiya. Duk na yarda. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta wajabta falo. Ana iya jera gidaje da bulo da siminti, kowa da ƙofarsa, a bar tsakiya a buɗe.

Ga lissafin a kan ƙafa 25 da 50 ɗin nan. A bakin hanya a yi zaure mai zurfin ƙafa 10, ƙofarsa ta ciki ta kauce wa ta waje. Gefensa a bar gurbin ɗakin da zai zama shago yau, ɗakin samari gobe. A can ƙurya a jera ɗakuna biyu masu zurfin ƙafa 12, a bar lungu na ƙafa 3 a bayansu domin taga ta biyu, maƙwabcin baya shi ma ya bar nasa. A gabansu rumfa ta ƙafa 6, wadda za ta yi duk aikin da ake nema daga falo ba tare da ta toshe iska ba. Bayan an cire kaurin bangaye, kimanin ƙafa 16 za su rage a tsawo. Madafa ta ɗauki kusurwa ɗaya nesa da tagogin kwana, turke da makewayi su ɗauki ɗaya, a dasa darbejiya ko zogale. Inda hali ya yi, ƙofofi su guji gabas, domin daga can hadari yake tasowa da ruwa mai duka.

Ɗaki na biyun nan shi ne wanda angwaye suke rainawa, suna cewa su biyu ne kawai. Cikin shekara goma gidan zai iya ɗaukar yara huɗu ko biyar, kuma addinin da mutanen yankin suke bi ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, ya kuma koyar da su neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokutan hutawa. Ba a cika wannan a ciki da falo. Idan kuɗi bai kai ba, a zuba harsashinsa a bar shi, ya fi a cinye gurbinsa.

Abu ɗaya ne gida guda ba zai iya warware shi kaɗai ba, wato rijiya da masai. Masana tsaftar ruwa suna son a raba su da kamar mita 30, ƙafa 50 kuwa mita 15 ce da ɗoriya. Komai dabarar mutum, a irin wannan fili masansa yana kusa da rijiyar wani. Mafita ita ce masu layi ɗaya su zauna tun kafin a haƙa harsashi, su jera masai duka a gefe guda, su haɗa kuɗi su yi rijiya ko burtsatse ɗaya a nesa. Wannan zama aikin mai unguwa ne da dagaci, waɗanda ake kira su shaida cinikin fili. Tunda suna sa hannu a takardar saye, su riƙa tambayar inda ramin masai zai faɗa kafin su sa.