Magana a Kan Lokacin Tashi Daga Teburin Karta

 

Ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai wata irin karta ta mutanen Amurka da ake ce mata foka. Ta yaɗu a birnin Niyu Olins da cikin jiragen ruwan kogin Misisifi tun farkon ƙarni na 19 na Miladiyya, a shekara ta 1970 kuwa aka fara yi mata gasar duniya a birnin Las Begas. Ga ta yanzu ta shigo cikin wayar hannu, yaro yana ɗakinsa yana zuba kuɗi da mutanen da bai taɓa gani ba. Masu yin ta suna cewa ita ba caca ba ce, gwaninta ce, babbar hujjarsu kuwa ita ce wai mai hankali ya san lokacin da zai tashi. Sun ce mutum ya yanka wa kansa haddi tun bai zauna ba: in an ci shi kaza ya tashi, in ya ci kaza ya tashi, in ya yi sa'a kaza ya tashi. Wannan hujja muke so mu auna, da ma'auninsu tukuna, kana da namu.

Ba mu musun akwai gwaninta a ciki, gwani yakan rinjayi bami in zama ya yi tsawo. Amma ganyen karta 52 ne, kowane zagaye sai an sake gauraya su. Karta ba ta tuna wanda ta ba ɗazu, ba ta kuwa jin tausayin wanda ta hana. Saboda haka gwanayen da kansu sukan ce zaman jiya da na yau da na gobe duk zama ɗaya ne. To, in haka ne, wanda ya tashi yau da niyyar komowa gobe bai tashi ba, hutawa ya yi. In abokan zamansa sun fi shi iyawa, haddin nan bai tsare masa ko anini ba, ya dai rarraba masa hasarar cikin kwanaki don kada ya gan ta a dunƙule.

Sa'an nan ga la'adar mai gida. A gidajen caca akan cire wani abu daga kuɗin da aka tara tsakiyar tebur a kowane zagaye, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, har zuwa wani iyaka. Bari mu buga misali. Mutum 9 sun zauna, kowa da dala 100, watau 900 ke nan. A ce mai gida yana ɗaukar dala 3 a zagaye, ana kuwa yin zagaye 30 cikin sa'a guda. Dala 90 ke nan kowace sa'a. In suka ci gaba a haka har sa'a 10, abin da suka zo da shi duka ya koma aljihun wanda bai riƙe karta ba. Kowane almajiri da ya iya hisabi yana iya gwada wannan a allonsa.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne nan: wanda ya yanka haddin da safe, da wanda zai cika shi tsakar dare, ba halinsu ɗaya ba. Na safe yana cikin hankalinsa, aljihunsa cike. Na dare an cinye shi, zuciya ta tafasa, ba abin da yake gani sai ya fanshe. Wasu masana biyu, Kahneman da Tversky, sun bayyana a shekara ta 1979 cewa zafin hasara ga ɗan Adam ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, kuma wanda ke cikin hasara ya fi saurin yin kasada don ya kuɓuta. 'Yan foka sun san wannan hali sarai, har sun sa masa suna a harshensu mai ma'anar karkata, kuma gwanayensu ba su so su tashi muddin akwai wanda ya karkata a teburin, don shi ne abincinsu. Ku duba fa, lokacin da ya fi kamata mutum ya tashi, shi ne lokacin da ya fi kasa tashi, shi ne kuma lokacin da abokan zama suka fi son ya zauna.

Wanda ya ci ma bai tsira ba. A ladabin teburin abin kunya ne mutum ya kwashe babban rabo ya miƙe nan take, sai a bi shi da harara da baƙar magana, a ce ya ba mutane dama su rama. Watau wanda aka ci zuciyarsa ta ɗaure shi, wanda ya ci kunya ta ɗaure shi.

Kada a ce wannan halin bamai ne kaɗai. An yi wani Bagirke, Archie Karas, wanda aka ruwaito ya shiga Las Begas ƙarshen shekara ta 1992 da dala 50, ya ranci jari ya fara da foka, ya haɗa da wasu wasannin gidan, har abin hannunsa ya kai wajen dala miliyan 40. A shekara ta 1995 duk ya salwantar da su cikin 'yan makonni. Ga kuma Stu Ungar, wanda ya ci babbar gasar duniya sau 3, a 1980 da 1981 da 1997, ta ƙarshen ladanta dala miliyan guda. Cacar dawaki da ta wasanni da shaye-shaye suka lashe dukiyarsa, a shekara ta 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki, ba shi da wani abin kirki. In waɗannan ba su san lokacin tashi ba, wa zai koya wa ɗanmu mai shekara 17?

Mu komo ga namu ma'auni. Maisirin Larabawan Jahiliyya, kamar yadda masu tafsiri suka faɗa, da kibau 10 ake yin sa a kan raƙumin da aka soke, 7 suna da rabo, 3 ba su da kome, kuma sau da yawa wanda ya ci yakan ba matalauta naman. Duk da wannan amfani, aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta rinjayar da zunubinsa a kan amfaninsa. Kana aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka yi umurni da a nisance shi, suka ambaci ƙiyayya da yake jefawa tsakanin mutane da shagaltarwa daga zikiri da salla. Abin da aka ce a nisanta, ba a yanka masa sa'o'i. Har ma ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca da baki kawai, an umurce shi da yin sadaka, ko da ba su zauna ba.

Almajirin da ya karanta Ahalari ya riga ya san amsa, domin tun shafukan farko an lissafa masa sharuɗɗan tuba, cikinsu akwai barin saɓon nan take in mutum yana cikinsa, an kuwa hana jinkirta ta. Ba a ce sai ya fanshe ba, ba a ce sai zagaye ya ƙare ba. Wanda aka ci, ya tashi da hasararsa, ya ƙidaya ta kuɗin da ya riga ya tafi, don neman fanshewa shi ne ƙofar rance da sayar da kayan gida. Wanda ya ci, abin da ke hannunsa ba nasa ba ne, ya mayar wa masu shi. In bai san su ba, kamar yadda yake a cacar waya, malamai sun ce ya fitar da shi ga matalauta ko ga maslahar jama'a, da niyyar rabuwa da shi.

Ku kuma malamai, in almajiri ya zo muku da wannan, kada ku tona shi gaban 'yan'uwansa, don kunya takan mayar da shi teburin. Ku fara tambayarsa nawa ake bin sa, da wa yake bin sa, a rubuta, a san yadda za a biya kaɗan kaɗan. Sa'an nan ya share wasan daga wayarsa a gabanku, ya ba wani amintacce ajiyar kuɗinsa har zuciya ta kwanta.