A Koya wa Malaman Ba da Shawara Zama da Iyaye

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan malaman ba da shawara na makarantun sakandarenmu.

Tun 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi a samar da su, kuma jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna yaye su. Sai dai galibi an fi horar da su kan zama da ɗalibi shi kaɗai, alhali sau da yawa tushen matsalar yaro yana gida ko cikin aji.

A makarantar da nake koyarwa, wata yarinya ta riƙa gyangyaɗi ana darasi. Malamar shawara ta gano cewa talla take yi har dare. Amma da ta kira mahaifiyar, sai malamar ta rufe ta da faɗa a gaban malamai. Uwar ta gyara mayafinta ta fice, washegari kuma ba mu ga yarinyar ba.

Da an koya wa malamar yadda ake sauraron iyaye, a kare mutuncinsu, a riƙe sirri, a nemi mafita tare da malamin aji, da ba a kai ga haka ba. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi su riƙa shirya wa malaman shawara bita a kai a kai, jami'o'i kuma su sa ɗalibansu su gwada irin wannan zama lokacin koyon aiki. A kuma rage wa malaman shawarar lodin darussa domin su samu sukunin ganawa da iyaye.

Allah ya sa a duba.

Naku,
Wani malamin sakandare, Kano