Bashi kan bashi: tsugunne ba ta ƙare ba

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka cin bashi ba abin kunya ba ne ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa. Abin da ke damun wannan jarida shi ne hanyoyin da jama'a ke bi don su biya, waɗanda sau da yawa sun fi bashin kansa ɓarna.

Ma'aikatan gwamnati ba su manta da shekarun 1990 ba. Bankin BDRN ya durƙushe, an karya darajar kuɗin CFA da rabi cikin watan Janairu na 1994, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba. A lokacin ne magidanta da dama suka saba da ƙofar mai ba da kuɗi da ruwa. Wahalar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna.

Mu yi lissafi. Wanda ya karɓi jika 100 bisa sharaɗin ƙara jika 10 kowane wata, in shekara ta zagayo ya biya jika 120 na ruwa, uwar kuɗi kuwa tana nan daram. A 2014 ƙasashen UEMOA sun tsaida iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun ajiya da lamuni. Ke nan mai kuɗin unguwa yana karɓar ninki 5 na mafi tsadarsu, ga takardar fili ko katin banki ya riƙe jingina. Wanda ya je wurinsa don ya sallami mai kanti, kare ya sayar ya sayi biri.

Akwai kuma dabarar da ta yi kama da ciniki. Ma'aikaci ya ɗauki babur ko buhunan shinkafa na jika 300 bashi, kafin la'asar ya karyar da su jika 200 don ya rufe bakin wani mai binsa. Ya yi asarar jika 100 cikin wuni guda, ya kuma ƙara wa kansa ubangida. Irin wannan gaggawa ce ta ci filayen da gwamnati ta ba ma'aikata a madadin bashin albashi a farkon shekarun 2000: da yawa sun sayar da arha, daga baya suka ga filayen sun yi tsadar da ba su iya kusanta.

Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa ramin. In ya taɓa jari ya biya bashin biki, ko ya ɗauki kuɗin kayan wani ya biya wani, ya ci amanar da kasuwancin Maraɗi da Kano ya dogara a kanta. Ranar da asiri ya tonu, babu mai sake ba shi ko tiya guda sai da kuɗi hannu. Haka nan mai shiga adashi uku da albashi ɗaya, ya kwashi na farko ya zuba a na biyu.

Mafi muni su ne masu neman sa'a: cacar dawakin Faransa, cacar ƙwallo ta wayar salula, da masu alkawarin ninka kuɗi. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarshen MMM a watan Disamba na 2016, lokacin da aka rufe asusun jama'a da kuɗinsu a ciki.

Hanyar da ta rage tana da ɗaci. Mutum ya rubuta dukkan abin da ake binsa, ya fara da mai ruwa mafi yawa, ya tunkari masu kuɗi da ƙafarsa ya nemi a raba masa biya. Addini ya ba shi wannan dama: aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a jinkirta wa mai ƙunci, ta 282 kuma da a rubuta bashi. Ragon layya bai wajaba a kan wanda ba shi da hali ba, balle akwatunan lefe.

Su kuma mahukunta, dokar hana cin ruwa fiye da ƙima ba ta da amfani in tana kwance cikin takarda. A biya ƴan kwangila da masu fansho kan lokaci, a kuma gurfanar da masu riƙe katin albashin ma'aikata gaban alƙali.