Satar Motoci A Abuja: Na'ura Za Ta Nuna Wuri, Wa Zai Je Ya Ɗauko?

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a bakin titi kusa da Kasuwar Wuse, ko Banex, ko Sakatariyar Tarayya, ko gefen masallaci ranar Juma'a, ya san irin waiwayen da mutum ke yi kafin ya yi nisa. Satar mota ba sabon abu ba ne a Babban Birnin Tarayya, amma raɗaɗinta ya ƙaru. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin motocin Kwatano ya yi tashin gwauron zabo, har ma'aikacin da ya sayi Corolla shekara biyar da suka wuce ba zai iya sayen irinta da albashinsa na yau ba. Ga mutane da yawa, motar da aka sace ta tafi ke nan, tare da hanyar kai yara makaranta, wani lokaci ma tare da abincin gidan, idan da ita ake kabu-kabu bayan an tashi daga ofis.

Shi ya sa tambayar ke yawan tasowa a garejin makanikai na Apo da teburan masu shayi: a sa wa mota jiniyar tsaro ne, ko na'urar bibiya wadda aka fi sani da tiraka? Ra'ayin wannan jarida shi ne, idan kuɗin mutum na abu ɗaya ne, ya sa na'urar bibiya. Sai dai kada ya ɗauka ya sayi kwanciyar hankali, domin rabin aikin ba a hannunsa yake ba.

Batun jiniya ba ya bukatar dogon bayani. Amfaninta ya dogara ga wani ya ji ya kuma damu, alhali mutanen birni sun daɗe da daina damuwa. Tsawar damina na tayar da ita, babbar mota in ta wuce haka, yaro in ya jingina haka. A wurin ajiye motoci na kasuwa, mai gadi ma ba ya ɗaga kai. Tana da rana a cikin gida da dare, inda mai motar ke kwance taku kaɗan daga gare ta, kuma takan kori mai cire batir ko madubi. Amma ƙwararren ɓarawo ya san wayar da zai yanke.

Na'urar bibiya ba ta hana sata, tana faɗin inda motar take ne. Ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa a jikin mota, yana karɓar bayanin wuri daga tauraron ɗan Adam, sannan ya aika wa wayar mai motar ta layin sim da ke cikinsa. Wasu nau'o'in kan yi gargaɗi idan an tayar da mota ko ta fita daga iyakar da aka shata mata, wasu kuma ana iya kashe injin da su daga nesa ta hanyar saƙo. Daga wannan bayani kaɗai ana iya ganin inda rauninta yake. Idan babu sabis, ta yi shiru. Idan kuɗin layin ya ƙare, ko kamfanin sadarwa ya rufe shi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, ta zama gawa a cikin mota, mai ita kuwa ba zai sani ba sai ranar da ya neme ta. Ɓarayin da suka ƙware suna yawo da na'urar toshe sigina, kuma sun san wuraren da aka saba ɓoye ta, wato ƙarƙashin sitiyari da bayan rediyo, domin nan ne ya fi wa mai haɗawa sauƙi. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba: mutumin da ya sa maka na'urar ya san inda take, sau da yawa ma lambar sirrin da ya ba ka ita ce ya ba kowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda bai canza lambar ba, bai kuma taɓa gwada na'urar ba tun ranar da ya biya, ya taimaki ɓarawonsa.

To a ce komai ya yi aiki, ga motar tana tafiya a fuskar waya. Daga nan ne ainihin matsalar ke farawa. Abuja na kewaye da jihohi huɗu: Neja, Kaduna, Nasarawa da Kogi. Motar da aka ɗauke a Asokoro, idan titi babu cunkoso, ta wuce Nyanya ta shiga Mararaba kafin mai ita ya gama rubuta ƙorafi a caji ofis. Wadda ta bi titin Kubwa kuwa, daga Zuba sai Madalla da Suleja, wata jihar, wata rundunar 'yan sanda. Daga can hanya a buɗe take zuwa Arewa, har iyakokin Jibiya, Illela da Maigatari, ko kuma wani lungu inda za a yi mata gunduwa-gunduwa a sayar a matsayin kayan gyara. Awa ɗaya ta farko ita ce komai. Koken da aka saba ji daga waɗanda abin ya shafa shi ne, a cikin wannan awar ce ake ce musu babu mai a motar sintiri, ko kuma wurin ya fita daga hurumin ofishin.

Ba a Najeriya kaɗai ake jingina da irin waɗannan na'urori ba. A watan Afrilun 2023, magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya sanar da raba ƙananan na'urorin AirTag guda 500 kyauta ga masu motoci. Amma tsarin ya ginu ne a kan cewa mai mota zai kira 'yan sanda, su kuma su bi sawu nan take. Shi kansa AirTag ɗin da wayoyin iPhone da ke kusa yake dogara wajen aika bayani, don haka wanda ya ɗauko dabarar ya kawo hanyar ƙauye tsakanin Bwari da Jere, ya ɗauko abin da ba lallai ya yi masa magana ba.

A nan gida, tarihin hukuma a wannan fage bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na ƙasar China kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro da kyamarori, akasarin kuɗin kuma bashi ne. Mazauna Abuja sun ga turakun a manyan tituna, sun kuma ga yadda suka lalace. Da waɗannan kyamarori na aiki a mashigar birni da mafitarsa, da bayanin da na'urar mai mota ta bayar ya sami abin da zai gaskata shi. Haka nan rajistar motoci ta intanet ta 'yan sanda, wato e-CMR, wadda aka ce za ta sa a gane motar sata a ko'ina: an sanar za a fara tilasta ta ranar 29 ga Yulin 2024, sai Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilastawar bayan jama'a sun yi caa a kan kuɗin da za a biya. Manufar mai kyau ce, amma an gabatar da ita kamar sabon haraji, mutane kuwa suka karɓe ta a haka.

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara game da inshora. Takardar naira 15,000 da doka ta wajabta, wadda hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta daga naira 5,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan ko sisi idan an sace motarka. Cikakkiyar inshora ce ke yin wannan, ita kuma tsadarta ta sa akasarin masu tsofaffin motoci ba sa kallon ta.

Saboda haka muna shawartar mai mota ya haɗa na'urar bibiya da abin da ido ke gani. Makullin sitiyari ko na feda ba ya bukatar sabis ko data, kuma yana cin lokacin ɓarawo, wanda shi ne abin da ya fi tsana. Wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffin motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, inda doka ba ta wajabta na'urar da ke hana inji tashi da baƙon makulli ba, saɓanin Tarayyar Turai da ta wajabta ta tun 1998. A sa na'urar a wurin kamfanin da ke da ofishi da adireshi, a nemi mai batirin kanta, a gwada ta duk wata. Idan kuma ƙwace aka zo yi da makami, a miƙa makulli. Kada a kashe injin daga nesa alhali akwai ɗan uwa ko direba a hannun maharan, kuma kada a kwashi abokai a bi sawu.

Ga Rundunar 'Yan Sandan Abuja da Hukumar Babban Birnin Tarayya, bukatarmu ba ta kai tsadar kyamarorin 2010 ba. A ware teburi guda mai aiki dare da rana, wanda kiran 112 zai kai gare shi kai tsaye, inda mai mota zai tura wurin da na'urarsa ke nunawa. A yi yarjejeniya a rubuce da rundunonin Nasarawa, Neja, Kaduna da Kogi, ta yadda jami'in da ke Zuba zai kira na Suleja ba tare da jiran takarda ba. A yi wa kamfanonin da ke sa na'urorin rajista, domin suna riƙe da bayanin zirga-zirgar dubban mutane, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansu. Sannan duk wata uku a wallafa adadin motocin da aka kai ƙarar satarsu, da waɗanda aka gano, da kuma waɗanda suka koma hannun masu su ba tare da an nemi kuɗin mai ba.